Ku Tambaya Mu Amsa: shiga sarba da makulli maimakon modepas

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wanga fili. Saƙonnin da sunka zo min wannan karon kusan duk kan abu guda suke, wato yadda mutum zai shiga kwamfutar da ke nesa da shi, wato sarba, ba tare da ya riƙa buga modepas, kalmar sirri kenan, ba, shi ya sa na haɗe su wuri guda. Masu tambayar gyaran waya a yi min haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam ina wuni, ya aiki ya zahi. Ni ɗalibi ne a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ina zaune Ali Dan Sofo. Na yi hayar wata ƙaramar sarba mai Ubuntu a Faransa don aikin memuwar ɗina, ina shiga da ssh da modepas lahiya lau, to shekaranjiya wani abokina ya ce in buɗe /var/log/auth.log in gani, wallahi Malam da na buɗe sai da gabana ya hwaɗi, layi bisa layi Failed password for root daga adireshin da ban sani ba dare da rana alhali ko gida ban hwaɗa ma kowa ina da sarba ba. Abokin ya ce in koma shiga da kile amma shi ma bai iya ba ji kawai ya yi. Don Allah mi ake nuhi da kilen nan kuma ya ake yin shi?

AMSA: Ƙanena kwantar da hankalinka, babu wani maƙiyi da ya sa ka gaba. Abin da ka gani injuna ne da anka saki cikin intanet, aikinsu kenan zagaye suna ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 22, wadda ita ce ƙofar ssh, hanyar da ake shiga sarba da ita daga nesa, suna gwada sunan root, wato mai cikakken iko bisa sarba, da 123456 da admin da sauran modepas na ragwaye. Kamar ɓarawon da ke bin layin shaguna cikin kasuwa da tsakar dare yana jijjiga kowane kwaɗo ne, bai san mai shagon ba, wanda ya buɗe shi ne nashi. Duk sarbar da ka kunna yau, kafin gobe za ka tarar sun iso.

Ita kanta ssh ɗin matsalar satar modepas ce ta haife ta. A 1995 wani mai bincike a jami'ar fasaha ta Helsinki a ƙasar Finlan, Tatu Ylönen, ya rubuta ta bayan an kama ana satar kalmomin sirrin mutane cikin rezon jami'arsu, don lokacin da telnet ake shiga, ita ko telnet duk abin da ka buga a fili yake tahiya bisa waya. Wadda ke cikin Ubuntu ɗinka kuma OpenSSH ce, mutanen OpenBSD sunka fitar da ita a 1999. To ssh ta ɓoye hanya, amma ba ta hana wani ya zauna yana cankar modepas ɗinka ba, nan ne makulli, wato kilen da kake tambaya, ya shigo.

Ka ɗauka abu biyu ne ake ƙerawa tare, kwaɗo da ɗan makullinshi. Kwaɗon za ka iya rataya shi a ƙofa goma, kowa ya gan shi, ba komai. Ɗan makullin kuwa aljihunka yake kwana. A na'ura kwaɗon shi ne makullin fili, ɗan makullin shi ne na sirri. In ka zo shiga, kwamfutarka ba ta aika makullin sirrin ko'ina, sa hannu kawai take yi da shi kan wani bayani na wannan zaman kaɗai, sarba ta gwada sa hannun da kwaɗon da ka aje mata, in ya dace ta buɗe. Ka ga ko wani ya laɓe a hanya babu abin da zai tsinta ya sake amfani da shi, cankar makullin kuma ko injunan duniya sun taru ba su gama lissafin ba.

Yin shi ba wuya. A kan kwamfutarka, ba cikin sarba ba, ka riƙe wannan da kyau don nan da yawa ke ɓata, ka buɗe tarminal ka buga:

ssh-keygen -t ed25519 -C "portabil-dina"

Zai tambaye ka inda zai aje, danna Enter kawai. Sannan ya nemi jimlar sirri wadda za ta kulle makullin kanshi. Mutane da yawa nan suke danna Enter sau biyu su wuce don gudun wahala, ni dai ban ba ka wannan shawara ba, portabil ɗin ɗalibi yau tana hannun wannan gobe tana hannun wancan, jibi tana wurin mai gyara. Sa jimla mai ɗan tsawo, kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da ba su da dangi da juna sun fi sunan budurwa da shekarar haihuwa nesa ba kusa ba. In ya gama za ka samu fishiye biyu cikin dosiyen .ssh, id_ed25519 shi ne na sirri, id_ed25519.pub shi ne kwaɗon. Wannan .pub ɗin na ƙarshe ita ce duk bambancin, ka riƙa duba ta kamar yadda kake duba canji.

Za ka ga tsofaffin bayanai a intanet suna cewa a yi rsa. RSA ɗin tun 1977 take, Rivest da Shamir da Adleman sunka ƙirƙiro ta, har yau tana aiki in an yi ta da tsawo, 3072 ko 4096. Amma ed25519 ta shigo OpenSSH tun 2014, gajera ce, layi guda ɗan ƙarami, ga sauri, kuma daga fitowa ta 9.5 a 2023 ita ce ssh-keygen ke yi da kanshi ko ba ka ce komai ba. In ka ga mai cewa dsa kuwa ka rufe shafin, an daɗe da yi mata jana'iza.

Saura rataya kwaɗo a ƙofa:

ssh-copy-id sunanka@203.0.113.10

Ka sa adireshin sarbarka a madadin waɗannan lambobi. Zai nemi modepas ɗinka na da, karo na ƙarshe kenan, ya ɗauki layin .pub ya zuba cikin wani fishiye mai suna authorized_keys cikin .ssh na can. Ka sake shiga da ssh, in ya nemi jimlar makulli maimakon modepas to aiki ya yi.

Amma fa har yanzu tsohuwar ƙofar a buɗe take, injunan nan suna ci gaba da gwaji. Rufe ta shi ne ka buɗe /etc/ssh/sshd_config da sudo, umarnin da ke ba ka ikon root, ka sa PasswordAuthentication no, ka kuma sa PermitRootLogin no in dai kana da naka suna mai ikon sudo. To a nan zan tsaya in ba ka labarin kaina don in kunne ya ji jiki ya tsira. Wata shekara na yi ma wani buro a Tasawa wanga aiki daga nan Maradi, da dare bayan isha'i, na rufe modepas na tada ssh ɗin na rufe tagar tarminal ina jin kaina gwani, na ce bari in sha shayi in dawo in gwada. Na dawo ƙofa ta ce ba ta san ni ba. Ashe layin kwaɗon da na manna da hannu ya karye gida biyu, sarba ba ta gane shi, modepas kuma ni da hannuna na kashe shi. Na gwada ta nan na gwada ta can har wajen ƙarfe ɗaya. Washegari da asuba ina tasha, na rungumo kilabiye cikin jaka, har Tasawa, na zauna ina jiran mai gadi ya nemo wanda ke riƙe da makullin ɗakin, aikin da na tahi yi bai kai minti biyu ba, harafi guda na goge layin ya haɗe. Kuɗin mota da yinin ranar duk a kaina, kuma ban iya gaya ma patiron ɗin gaskiyar abin da ya kawo ni ba, ce mishi na yi na zo dubiya ne.

Saboda haka ga yadda za ka yi. Tagar da kake ciki kar ka rufe ta ko da wasa. Bayan ka gyara fishiyen buga sudo sshd -t, in ya yi shiru babu kuskuren rubutu. Sannan sudo systemctl restart ssh, wannan ba ya korar wanda ke ciki. Ka buɗe taga ta biyu ka gwada shiga da makulli, sai ka ga ka shiga da idonka sannan ka rufe ta farko. Kai da sarbarka ke Faransa babu motar da za ta kai ka, sai dai ka koma shafin kamfanin da ka yi haya ka nemi tagar gaggawa da suke bayarwa, gara tun yau ka san inda take.

Wani tarko kuma na Ubuntu. Wani sa'in ka sa no amma ka ga modepas na nan na aiki, dalili akwai dosiye /etc/ssh/sshd_config.d/ da ake karantawa tun a saman fishiyen, kuma a ƙa'idar sshd, wato ɓangaren ssh da ke cikin sarba, maganar da ya fara ji ita yake ɗauka, to sau da yawa akwai wani 50-cloud-init.conf a ciki da ya riga ka cewa yes. Buga sudo sshd -T | grep -i passwordauthentication ka ga abin da yake bi da gaske. In yes ka gani, can za ka tahi ka gyara.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ma'aikaciya ce a wani farmasi nan unguwar Zariya, lissahin kayanmu yana bisa wata sarba kuma ni ke kula da ita. Windows gare ni. Na yi makullin da PuTTYgen na kwafe na sa cikin authorized_keys kamar yadda anka ce amma har yanzu modepas take tambayata kamar ban yi komi ba. Sannan abokin aikina ya ce in na gama in turo mishi makullin ta WhatsApp shi ma ya riƙa shiga, ya halatta?

AMSA: Ƴar'uwa bari in fara da ta biyun don ita ta fi tada min hankali. A'a, kar ki tura. Makullin sirri ba ya fita daga na'urar da anka ƙera shi, ba ta WhatsApp ba, ba ta imel ba, ba bisa kile USB da ke yawo buro ba. Abin da ya shiga WhatsApp yana cikin wayarki yana cikin tashi, gobe yaro ya ɗauki waya yana wasa ya tura ma guruf ɗin dangi. Kuma ko ba a sace ba, ranar da wani abu ya ɓace cikin lissafi ba mai iya cewa ke ce kika shiga ko shi ne, tunda makulli guda ne. Shi ya ƙera nashi a kwamfutarshi ya turo miki .pub ɗin, wannan ko a bango ya rubuta shi ba laifi, ke kuma ki ƙara shi a sabon layi cikin authorized_keys. Fishiyen yana ɗaukar kwaɗo ko nawa ne, kowane da layinshi.

Ita kuma ta farko, abu uku nake zargi. PuTTYgen, mai ƙera makulli na PuTTY da ake shiga sarba da ita a Windows, yana da maɓallin aje makullin fili, to abin da yake ajewa tsarinshi daban ne, layuka da yawa da BEGIN a sama da END a ƙasa, OpenSSH ba ta karanta wannan cikin authorized_keys. Wanda ake so shi ne rubutun da ke cikin akwatin saman tagar, mai farawa da ssh-ed25519 ko ssh-rsa, ki kwafe shi duka ya zauna layi guda tal. Ki kuma tabbata kin nuna ma PuTTY inda fishiyen .ppk, wato makullinki na sirri, yake cikin saitinta, don ba ta nemo shi da kanta.

In ba wannan ba ne to izini ne, kuma shi ya fi kama mutane. Ssh tana da tsantseni, in ta ga wani ban da ke zai iya rubutu cikin dosiyen .ssh ko cikin gidanki na sarba, wato dosiyen sunanki, sai ta ƙi makullin ta yi gum, ba ta ce miki komai, ta koma tambayar modepas. Gyaran:

chmod 700 ~/.ssh
chmod 600 ~/.ssh/authorized_keys

Ki duba da ls -la ko fishiyen naki ne, don in da sudo kika ƙirƙire shi to na root ne, sai kin maido shi sunanki da chown. Cikin auth.log za ki ga tana ƙorafin bad ownership or modes in wannan ne.

Na ukun, in PuTTY ɗin tsohuwa ce kuma makullin rsa ne. Tun OpenSSH 8.8 a 2021 anka daina karɓar tsohon salon sa hannun rsa mai SHA-1, tsofaffin PuTTY kuma shi kaɗai sunka iya. Sauke sabuwa. Ni da za ki bi ta tawa ma da kin huta da ita gaba ɗaya, Windows 10 tun 2018 take zuwa da ssh a cikinta, 11 ma haka, ki buɗe PowerShell ki buga ssh-keygen kamar yadda na gaya ma ɗalibin can sama. Ssh-copy-id ne kawai babu, sai ki buɗe .pub ɗin da Notepad ki kwafe. In abu ya ƙi, ƙara -v bayan ssh, za ta riƙa faɗa miki makullin da ta miƙa da amsar da anka ba ta.

TAMBAYA: Malam ni ɗan kasuwa ne ban san kan waɗannan abubuwa ba, ɗana ke rubuta min. Yaron da ya haɗa muna sarbar shago ya bar aiki ya koma Yamai, mun rabu lahiya amma an ce min har yanzu zai iya shiga daga can. Na sa an canza modepas, ya isa?

AMSA: Alhaji Allah shi ƙara arziki, bai isa ba. Canza modepas ba ya taɓa makulli ko kaɗan, in kwaɗonshi na nan rataye to daga Yamai ko daga Makka zai shiga kamar jiya. A samu wanda kuka yarda da shi ya buɗe authorized_keys ya goge layin yaron, kuma ba na suna guda ba, a duba na kowane suna da ke cikin sarbar har da /root/.ssh, don masu haɗa sarba sun saba barin nasu a can. Ƙarshen kowane layi akwai ɗan rubutun da mai shi ya sa, da shi ake gane na wane ne, amfanin -C ɗin da na ce a sa kenan. Layin da ba a san mai shi ba a cire, in na wani mai aiki ne zai zo da kanshi ya yi magana. Wannan ba zargin yaron ba ne Alhaji, ai ko yaron shago ya tashi lahiya akan karɓi makullin sito, kuma portabil ɗinshi za a iya sace ta a can shi bai ma tuna da ku ba. Haka in ta wani daga cikinku ta ɓace, a goge layinta ranar, a ƙera sabo.

TAMBAYA: Malam na sa jimlar sirri kamar yadda ake cewa to yanzu na gaji, sau ashirin nake buga ta a yini saboda rezo na yankewa ko a ɗauke kuran. In cire ta?

AMSA: Kar ka cire ɗan'uwa, akwai mai riƙe maka. Sunanshi ssh-agent, ka buga ssh-add sau guda da sahe ka ba shi jimlar, shi ke nan har ka kashe kwamfuta. A Ubuntu mai tebur yawanci yana tashi da kanshi, a Windows sai ka kunna shi cikin sabis-sabis tukuna. Sannan ka yi ma kanka fishiye mai suna config cikin .ssh ka rubuta:

Host shago
HostName 203.0.113.10
User sunanka
IdentityFile ~/.ssh/id_ed25519
AddKeysToAgent yes
ServerAliveInterval 30

Daga nan ssh shago kawai za ka buga. Layin ƙarshe yana sa kwamfutarka ta riƙa taɓa sarba duk daƙiƙa 30 in an yi shiru, don kar a yanke ka saboda zama, amma in rezo ya tahi da gaske ba abin da zai yi maka. Maganin wannan tmux ne, ka girka shi a sarba, kana shiga ka buga tmux ka yi aikinka a ciki, kuran ya tahi ya dawo ka buga tmux attach ka tarar da aikinka inda ka bar shi yana ta gudu. Mu da ke aiki a nan da zahin watan huɗu da na biyar ban san yadda mutum zai yi babu shi ba. In jimlar ce ta yi maka tsawo, ssh-keygen -p yana canza ta ba sai ka sake makulli ba.

TAMBAYA: Malam yau na zo shiga sai ga wani rubutu da manyan baƙaƙe da alamomi @@@ wai REMOTE HOST IDENTIFICATION HAS CHANGED ta hana ni shiga. An yi min kutse ne?

AMSA: Ba lallai ba. Ita ma sarba tana da nata makulli, ranar farko da ka shiga ta nuna maka zanen yatsanta ka buga yes, kwamfutarka ta rubuta shi cikin known_hosts. Yau ta ga wani daban shi ya sa ta ja birki. Tambayar ita ce, an sake girka sarbar ko an ba wata na'ura adireshin? In kai ka yi ko wanda ke kula da ita ya tabbatar maka, to buga ssh-keygen -R da adireshin, tsohon ya goge, ka sake shiga. In ba wanda ya taɓa komai kuwa, musamman in kana kan wifi na wani wuri ko sibar, to dakata, kar ka buga modepas ko guda. Ka kira wanda ke kusa da na'urar ko ka shiga ta tagar kamfanin haya a buga ssh-keygen -lf /etc/ssh/ssh_host_ed25519_key.pub, ya karanto maka abin da ya fito ka gwada da wanda ake nuna maka harafi da harafi. Ba ka faɗa min ko sarbar taka ce ko ta wurin aiki ba, ka sake rubuto min da wannan da kuma inda kake shiga intanet ranar da abin ya faru.